Akwatin Instagram ɗin nan da ya ci min rabin albashi

Na ajiye aiki a shagon da nake, kuma tunda yawancinku kun san wurin kun san mutanen ba sai na kira suna ba. Masu ta tambayata a WhatsApp me ya faru, ga shi na rubuta gaba ɗaya in huta, musamman saboda ƙannenmu na unguwannin Nima da Mamobi da Newtown a Accra da suka fara karɓar aikin haɗa websait wa masu shaguna, don wallahi irin rigimar nan tana jiran kowa a gaba.

Shagon atamfa da leshi da abaya ne, Alhaji ne mai shi, amma ɗan yayansa ne manaja kuma shi ke riƙe da komai har faswod na Instagram. Ni aikina websait. Lokacin da na zo shafin farko yana da hotunan kaya da farashi da lambar da za ka kira, ba wani kyau amma yana aiki. Sai manaja ya ga wani websait na wani kanti a Dubai inda hotunan Instagram ke fitowa da kansu a jere cikin wani akwati, ya ce shi ma haka yake so, kuma a saman shafi, a cire sauran tarkacen. Dalilinsa shi ne wai yaran shago suna fostin kullum, to me ya sa za a riƙa wahalar ɗora kaya sau biyu. A baki maganar tana da daɗi, ni ma ban ce ba ta da amfani ba, na dai ce a sa shi a ƙasa a bar kayanmu a sama. Ya ce min "kai dai yi abin da aka ce maka." Na yi.

Abin da mai shago ba ya ganewa, kuma ba laifinsa bane, shi ne hotunan nan da yake gani a websait ɗinsa ba a websait ɗinsa suke ba. Suna can wurin Meta, kamfanin da ke da Instagram da Facebook da WhatsApp. Fulogin, wato ɗan ƙarin da ka ɗora a WordPress, manhajar haɗa websait, zuwa yake ya roƙo su ya nuna, kuma kafin a ba shi sai ya nuna tokin, wato makullin da Instagram ke bayarwa idan mai akawun ya yarda. Makullin nan kwana 60 yake yi, in ba a sabunta ba ya mutu. In aka canza faswod ma ya mutu. To manajanmu kuwa duk ranar da ya yi faɗa da wata yarinyar shago sai ya canza faswod, ba zai gaya min ba, sai dai in buɗe shafi da safe in ga ya tsaya, in bi shi ina "Yaya don Allah ka shiga ka danna min yarda", ya ce yana kasuwar Makola, ya ce yana masallaci, ya ce in jira sai yamma. Haka muka yi ta yi. Kamar wanda ya yi gini a filin wani ne, kullum sai ka gaida mai fili kafin ka shiga ɗakinka.

Kuma ba yau abin ya fara ba, duk wanda ya daɗe a harkar ya sani. A 2020 Instagram sun rufe tsohuwar hanyarsu ta ba websait hotuna, a watan Oktoba na shekarar ma linkin Facebook da Instagram da ake liƙawa kai tsaye a WordPress suka daina buɗewa sai da rajista. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida, masu irin akwatin nan da yawa suka ga fari fat. A 2023 bayan Elon Musk ya sayi Twitter ya rufe hanyar kyauta ta jawo fostin, akwatunan Twitter da ke shafukan mutane da yawa suka lalace. Duk na faɗa wa manaja wannan, ya ce ina son nuna na yi boko ne.

To ga babbar. A watan Satumba 2024 Meta suka sanar cewa ranar 4 ga Disamba za su rufe abin da suke kira Basic Display, wanda shi ne hanyar da akawun na mutum ɗaya, irin nawa da naka, ke bi ya fito a websait. Daga ranar sai akawun na kasuwanci ko na masu ƙirƙira, wato Creator. Sun ba da wata uku cur, ba wanda zai ce an yi masa ba-zata. Akawun ɗin shagonmu kuma tun asali manaja ya buɗe shi da sunan shago amma a matsayin na mutum ɗaya, bai taɓa juya shi ba. Juyawar kyauta ce, cikin saitin ne, ko minti biyar ba za ta ci ba. Na same shi na yi masa bayani. Ya ce a'a, wai abokinsa ya ce in ka koma na kasuwanci mutane sun daina ganin fostin ɗinka sai ka biya talla, kuma za a hana shi waƙoƙin da yake sawa a bidiyo. Maganar waƙa akwai ƙamshin gaskiya, akawun na kasuwanci ba ya samun duk waƙoƙi, shi ya sa na ce to mu koma na masu ƙirƙira, shi ma zai yi mana aiki. Ya ce zai duba. Na tura masa saƙo a Oktoba, na sake a Nuwamba har da sikirinshot na sanarwar, ya buɗe ya gani bai ce komai ba, lokacin hankalinsa duk yana kan kamfen don zaɓen Ghana ranar 7 ga Disamba ne kuma kun san yadda Nima take a irin lokacin.

Ranar ta zo hanya ta rufe. Abin bai faɗi lokaci ɗaya ba, da farko tsoffin hotuna suka tsaya ba sabo, sannan da yake linkin hotunan da Instagram ke bayarwa su ma suna da wa'adi, sai suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har shafin farko ya koma wasu akwatuna masu toka-toka babu komai ciki. A Disamba fa. Watan da 'yan uwa ke dawowa daga Jamus da Amurka da Italiya, watan bukukuwa, watan da ake neman ashobi, wato anko. Kuma tunda shi ya sa aka cire kaya da farashi daga sama, wanda ya shigo ba abin da zai gani sai sunan shago da toka. Na kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba. Da na ga haka na cire akwatin da kaina na mayar da tsoffin hotunan kaya da nake da su a kwamfuta, ba tare da izininsa ba, don ba zan iya kallon abin haka ba.

Wannan cirewar ita manaja ya riƙe. Wata Hajiya da ke sayen kaya da yawa ta kira Alhaji ta ce ta shiga shafi ta zaci an rufe shago, Alhaji ya kira manaja, manaja ya ce ai yaron nan ne ya taɓa wani abu ya lalata, ga shi ma ya cire Instagram ɗin gaba ɗaya ba wanda ya sa shi. Aka kira ni ofis. Alhaji ya ce "ɗana, me ya kai ka?" Na ce "Baba Alhaji ga saƙonnin da na tura tun Oktoba," na miƙa waya. Bai karɓa ba. Ya ce shi bai san waɗannan abubuwan ba, kuma ba kyau yaro ya riƙa ja da na gaba da shi a gaban mutane. Manaja na zaune yana danna waya ko kallona bai yi ba. Ƙarshen wata aka cire min rabin albashi wai na asarar ciniki, kuma har na bar wurin ba wanda ya nuna min lissafin asarar nan a takarda. Bayan kwana kaɗan manaja ya juya akawun ɗin da kansa, a ɓoye, ya zo ya ce in mayar da akwatin. Waƙoƙinsa ma ba abin da ya same su.

Ba wai ina riƙe da Alhaji bane, dattijo ne kuma ya yi min alheri a wasu wurare, jini kuma ya fi ruwa kauri ko a ina. Amma na gane saƙon WhatsApp ba hujja bace a wurin wanda ba ya son karantawa. Da na sani tun Satumba da Alhaji zan samu kai tsaye, a gaban manajan, in ce ranar kaza shafi zai mutu in ba a yi kaza ba, da Hausa, ba tokin ba komai, in ya so ranar da abin ya faru kowa ya tuna. Ku da kuke shiga irin aikin nan, wanda ke biyanku shi za ku gaya wa, ba wanda ke riƙe da faswod kaɗai ba. Kuma kar ku karɓi alhakin abin da makullinsa ba ya hannunku, ko a ba ku dama a akawun ɗin ko a rubuta cewa ba ruwanku in ya tsaya.

Sauran abubuwan kuma da na gani. Akwatin nan nauyi gare shi, kowane hoto da bidiyo sai an jawo daga waje, wanda ke cikin trotro, wato motar haya, daga Circle zuwa Madina da ɗan bandul ɗinsa na MTN ba zai jira ba, fita zai yi. Na gwada a ƙaramar waya ba a kwamfutar ofis mai wayifai ba, bambancin har kunya ya ba ni. In dole sai an sa, hoto shida sun isa, a ƙasan shafi, kuma a saita kar su buɗe sai mutum ya gangaro wurin. A nemi fulogin da ke ajiye kwafin hotuna a sabar ku, wato inda websait ɗinku ke zaune, wannan kaɗai da ya cece mu a Disamba. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke Ghana ta shiga wahala, kowa ya ga yadda abin da ke zuwa daga waje ke zama.

Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi a tsarin tun farko: kwastoma ya sha wahala ya zo shafinka, ya danna hoto, ka kai shi Instagram da hannunka, can kuma ga bidiyon barkwanci ga tallan wani shagon leshi a Kumasi, shikenan ya tafi. Ni na fi so in ya danna ya faɗa WhatsApp ɗin shago ko shafin kayan da lambar momo ta tura kuɗi a waya.

Farashi ma matsala ne. Yaran shago suna rubuta kuɗi a ƙarƙashin hoto, a 2022 da sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi daga 6 da wani abu a dala har ta haura 13, fostin ɗin wata biyu baya ya zama ƙarya, mutum ya zo da sikirinshot ya ce a websait ɗinku na gani, kuma gaskiyarsa. Kayan da ya ƙare ma yana nan yana kallon mutane. Fulogin masu kyau kuma da dala ake biyansu duk shekara, ku faɗa wa mai shago tun ranar farko kar ya zo ya ce kun ɓoye.

Hashtag kam kar ku kuskura ku bar shi ya riƙa jawo hotuna da kansa, kowa na iya rubuta sunan shagonku a ƙarƙashin duk abin da ya ga dama ya fito muku a shafi. Ko akawun ɗin shago ma a duba me ake sawa, mu mun taɓa kwana da hoton sunan jaririn manaja da ragon suna a saman leshi, wani mako kuma fostar ɗan takara. Hoton kwastoma sanye da kayanku a tambaye ta kafin a sa, akwai dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, kuma ko ba doka matar aure ce a zango, kun san abin da zai biyo baya.

Yanzu ina aiki na kaina, shaguna uku ne a hannuna, biyu a Nima ɗaya a Madina. Dukansu sun nemi akwatin Instagram kuma duk na sa musu, a ƙasa, da akawun na kasuwanci, ni ma ina da damar shiga. Wanda ya gaje ni a tsohon wurin ya kira ni makon jiya yana tambaya ko na san dalilin da ya sa hotuna suka tsaya, na ce ya je ya tambayi manaja ko ya yi faɗa da wani kwanan nan.