Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tururuwa a Cikin Ƙoƙo

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a ranar suna, na yi alkawarin yau zan kawo yadda Malam maigidana ya bar keken ɗinki ya shiga fataucin Jibiya. Ku yi mini haƙuri, ba shi zan kawo ba. Autata tana gida wanka, jaririyarta yau sati biyar, kuma tun daren Talata daga an kira magariba sai ta ɗauki kuka, ba ta saukewa sai bayan isha. Jiya na leƙa ɗakin na tarar uwar ma kuka take, tana ce mini, "Inna, ko nonona ne bai da kyau?" Jin wannan kalma daga bakin ƴata ya mai da ni shekara talatin baya, na kasa barci.

Ɗan farin, wanda kun san bakina ba ya kiran sunansa, an haife shi cikin Janairun 1994, zamanin Mahaman Usman, kwana biyu bayan an karya darajar sefa. Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi lokacin ya tuna: an kwana tamma 50 na sayen kuɗin Faransa ɗaya, aka wayi gari sai da 100. Ni ina Tibiri wajen Inna, ba ruwana da kasuwa. Hunturu ake, safe da yamma ga tukunyar ruwan zafi da ganyen bedi, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama in an samu. Sati biyu na farko yaron sai ci sai barci, har mata na cewa na yi dace.

A sati na uku abin ya fara. Da rana lafiyarsa lau, yana tsotso, yana kallon mutane. Rana na yin ja sai ya fara mutsu-mutsu, can sai ya tsandara ihu. Ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya miƙe su, ya banƙare, fuska ta yi jajur, cikin ya yi tauri kamar ganga. In na ba shi nono ya kama ya ja sau biyu ya saki da ihu. Wani lokaci iska ta fita ya ɗan lafa, ka ce an gama, sai ya dawo sabo.

Inna ba ta taɓa firgita ba. Takan karɓe shi ta kifa cikinsa a kan hannunta, kansa wajen gwiwar hannu, ƙafafunsa na reto, ta yi ta zagaya tsakar gida tana shafa bayansa. Tana tafiya tana cewa, "Baƙon magariba ne. Ba a korar shi, kuma ba ya zama." Ita ta koya mini in ya gama sha kada in kwantar da shi nan take, in ɗora shi a kafaɗa ina bubbuga bayansa a hankali sai ya yi gyatsa. Ita ta koya mini ɗumama tafin hannu da man gyaɗa in shafa cikin ina kewaya cibiya, sannan in kama ƙafafun in riƙa lanƙwasa su ina miƙewa. Wata rana ya yi aiki, wata rana bai yi ba. Inna ba ta taɓa ce mini magani ba ne, rarrashi take ce masa.

Da a ce arba'in ɗina ya ƙara wata guda, da babu wannan kashi na labarina. Amma arba'in ya cika azumi na da kwana goma sha, aka yi mini kitso da lalle, aka mai da ni Mokoyo gidan su Malam. Yanzu na san sati na shida shi ne ƙololuwar wannan kuka, daga nan yake fara sauka. Wato na shiga gidan miji da yaron daidai lokacin da abin ya fi tsanani. Kuma ku duba lokacin da yake zuwa: daidai shan ruwa. Gida cike, faccalolina biyu na kan murhu, maza sun dawo da yunwa da ƙishi, Hajiya surukata na kan tabarma da carbinta tana jiran kiran salla, sai ihun yaro ya cika gidan har zaure.

Kwana huɗu Hajiya ba ta ce komai ba. A na biyar ta dube ni gaban kowa ta ce, "Nonon ne."

Kalma biyu ke nan. Na sha zagi a rayuwata wanda ya fi wannan tsawo, na manta. Wannan ban manta ba.

Washegari da hantsi aka kawo wata tsohuwa daga bayan kasuwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba a ɗaki ba, aka ce in tatsa a ƙoƙo. Ina shekara goma sha takwas, na juya baya ina tatsa hannuna na rawa, faccalata babba na tsaye da muciya a hannu, ta bar tuwon yara a wuta don ta gani. Tsohuwar ta sa tsinke ta ɗauko tururuwa daga gindin bango ta jefa a ciki. An ce in ta fita nono lafiya, in ta mutu akwai ƙaiƙai. Na zuba mata ido kamar raina ne a ƙoƙon. Ta yi iyo ta kai gefe, ta ɗora ƙafa biyu a jikin ƙoƙon, santsi ya mai da ita. Ta sake, ta sake. A na huɗu ta tsaya cak, ƙafafun suka naɗe. Tsohuwar ta girgiza kai. Faccalata ta ce, "Ai dama," ta koma kan tuwonta. Tana nan da rai, ƴaƴanta na karanta mata abin da nake rubutawa, to su karanta mata wannan: na ji ki, Yaya, ban kuma taɓa nuna miki na ji ba.

Hukuncin da aka yanke shi ne a janye yaron daga nono, a sa shi kan madarar gwangwani, a riƙa ɗura masa bauri, ni kuma in sha sassaƙe har nonon ya wanku. Malam ya tafi kanti ya dawo hannu wofi. Gwangwanin ya yi tsadar da bai taɓa yi ba, kamar duk abin da ake shigowa da shi daga waje, ɗinkin salla kuma bai fara kawo kuɗi ba. Ya shigo ɗaki da dare ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ki ci gaba da ba shi, ni zan san abin da zan ce wa Hajiya." Har gobe ina ganin Allah ne ya rufa wa yaron nan asiri da wannan tsada. Malam kuwa, duk abin da ya biyo baya tsakanina da shi, wanda za ku ji, wannan daren yana cikin abin da nake yi masa addu'a saboda shi.

Baurin dai an ɗura. Jiƙon sassaƙe ne mai ɗaci a ruwan randa, Hajiya da kanta take matse masa kumatu ta zuba da ludayi. Kukan bai ragu ba ko kaɗan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai autata jiya. A cikin goman ƙarshe, wani dare maza sun tafi masallaci, yaron ya fi awa uku yana ihu, ban yi barcin kirki ba kwana da kwanaki, kalmar Hajiya na yawo a kaina. Na ɗaga shi sama da hannu biyu, na ji hannuwana na son su girgiza shi da ƙarfi don ya yi shiru. Allah ya tsare. Na kwantar da shi a katifa a kan bayansa, na fita na zauna bakin rijiya na yi kuka na wanke fuska, sannan na dawo. Sai daga baya na ji cewa girgiza jariri da ƙarfi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu, don wuyansa bai iya riƙe kan ba. Abin da na gaya wa autata ke nan: ranar da kika ji zuciyarki ta kawo wuya, ki ajiye ta ki fito ki kira ni. Kukan minti goma a kan katifa ba ya kashe yaro.

Sauƙin da na samu a gidan nan daga maƙwabta ya zo. Akwai injin niƙa a bayan katangarmu, cikin azumi ba ya hutawa daga la'asar. Wata rana na goya yaron na kai gero da kaina don in tsere wa idanun gida. Muna isa, ƙarar injin na dukan ƙirji, sai na ji ya yi laƙwas a bayana. Daga ranar kullum sai in ɗaure shi tamau da majanyi in tsaya jikin katangar ta cikin gida ina ɗan rausaya. Ɗumin baya da motsi da ƙara mai tafiya bai-ɗaya, abin da ya saba da shi ke nan wata tara a ciki. Autata yanzu fanka take kunna wa tata, ko ta yi mata "shhh" a kunne, duk abu guda ne.

Bayan kwana shida da fara baurin sai zawo. Wannan karon ban nemi izinin kowa ba sai na Malam, na goya shi muka tafi likita. Malamar awo ta tuɓe shi ta ɗora a sikeli, ta buɗe karnensa, wato littafin awonsa, ta duba. An haife shi kilo 3, ranar yana kilo 4 da rabi, duk da zawon. Ta tambaye ni sau nawa yake jiƙa tsumma a yini, na ce ya fi shida. Ta ce, "To wane ne ya ce nononki bai da kyau? Ga shaidarsa a sikeli." Ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari na likita, ta ce a bar baurin, ruwan da ake jiƙa shi da shi ne ya kawo zawon, kuma ko ruwan sha kada a ba shi, nono ya ishe shi. Na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka a gabanta. Karnen yana nan a ƙasan akwatina, ya yi ja, gefensa ya cinye. Jiya na ciro shi na nuna wa autata.

Da muka kai jikar tawa awo ranar Alhamis, bayanin da aka yi mana ya fi na wancan lokaci faɗi. An ce likitoci na gane shi da uku-uku: kukan da ya wuce awa 3 a yini, kwana 3 ko fiye a mako, har mako 3, ga yaro kuma lafiyayye yana ƙiba. Yana farawa wajen sati na biyu ko na uku, ya tafi da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. Yana kama mai shan nono, yana kama mai shan gwangwani, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, zuma kuwa sai ya shekara, don takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya da ita. Sai kuma abin da ni ma nake ƙara jaddada wa duk mai jegon da ta shigo gidana: in jikin ya yi zafi ma'auni ya kai 38, ko ya ƙi kama nono sam, ko amai ya zo kore, ko aka ga jini a kashi, ko maɗiga ta kumbura, ko yaron ya yi laushi kukan ya koma siriri, wannan ba baƙon magariba ba ne, a ruga likita ko tsakar dare ne. Siririn kukan nan na san shi. Na ji shi a 2005, shekarar da tamowa ta cika Maraɗi da mata daga ƙauyuka da yara a baya, lokacin da na yi jinyar ɗan ƙanwata. Wanda ya ji shi sau ɗaya ba zai haɗa shi da ihun yaro mai ƙarfi ba.

Na koma gida da karnen na miƙa wa Malam, shi ya kai wa Hajiya. Ba ta yi boko ba, ta juya shi ta miƙo masa. Baurin dai aka daina, ba tare da an ce an daina ba.

Bayan ƙaramar salla kukan ya fara gajarta. Yau awa biyu, gobe guda, jibi ya tsallake. Kafin layya, cikin watan Mayu, wata magariba na idar da salla na ji gidan shiru, na waiwaya na gan shi kwance yana wasa da ƙafarsa yana gwaranci. Ya tafi kamar yadda Inna ta ce. Da na je Tibiri yawon salla na gaya mata, ba ta ko ɗaga kai daga tankaɗen da take ba, ta ce, "Ai na gaya miki ba ya zama."

A Mokoyo kuwa cewa aka yi baurin ne ya yi aiki a hankali. Ƴaƴa shida na ƙara shayarwa a gidan nan da nonon da tururuwa ta mutu a cikinsa, biyu sun yi irin wannan kuka, huɗu ba su yi ba. Hajiya ta ga girman su duka, ta ci abin hannun ɗan farin, shi ya biya mata Makka ta biyu. Ni na yi jinyarta shekara biyu, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu a baki. Na yi ta jira ko sau ɗaya ta ce, "Yarinya, ashe ba nonon ba ne." Ta sa mini albarka, ta ce ta yafe mini, ni ma na ce na yafe mata, da gaske kuma na faɗa. Amma waccan kalmar ba ta janye ta ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ga shi rana ta yi ja, na fara jin mutsu-mutsun jikar tawa daga ɗaki, uwar kuma ba ta ci komai ba tun azahar. Bari in je in karɓe ta. Labarin Jibiya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.