Aikin rile a tsofaffin babura: daga shagona na rewaya a Gadarif

Shagona yana cikin unguwar masu sana'a ta Gadarif a gabashin Sudan, wadda mutanen gari ke kira Mantiƙa Sina'iyya, kuma duk da cewa raksha, wato babur mai ƙafa uku, da baburan Sin ne suka fi cika ƙofata, aikin da ya sa aka san ni shi ne gyaran wutar tsofaffin babura, irin waɗanda masu su suka riƙe shekara arba'in ko hamsin suka ƙi rabuwa da su. A ƙarshen daminar bara wani dattijo ɗan asalin Mai Wurno ya turo mini Honda CB350, ƙirar da aka yi tsakanin 1968 da 1973, yana kukan cewa fitilarsa ta koma kamar aci-bal-bal, hon ɗin kuma sai dai ya yi gurnani. Yana da gonar riɗi a hanyar Gallabat, kuma lokacin yanka dare ne ke dawo da shi gida, a titin da manyan motoci da amalanken jakuna da garken shanu ke bi tare.

Ya ce mini, "Ɗana, kwai uku na canza, batir ma sabo ne." Na ce, "Baba Alhaji, a bari mita ta yi magana tukuna." Da na auna, batir yana ba da volt 12.6, amma abin da ke isa gindin kwan fitila bai wuce 10.4 ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin kwai mai zare idan ƙarfin wutarsa ya ragu da kashi goma cikin ɗari, haskensa yakan ragu da kusan kashi talatin.

Dalilin asarar a fili yake ga duk wanda ya taɓa bin wayar tsohon babur da yatsa. Wuta takan tashi daga batir ta bi fiyus, ta shiga makullin babur, ta hau hannu zuwa makunnin fitila, ta ratsa maɓallin sauya dogon haske da gajere, sannan ta sauko cikin kwanon fitila, kuma a kowace mahaɗa akwai tsatsa da ƙurar guguwar habub da laka ta shekaru masu yawa suna cin rabonsu. Rile, wanda abokan sana'armu Larabawa ke kira katawut, yana yanke wannan doguwar tafiya. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan ya sami wuta kaɗan, wadda ba ta kai rubu'in amp ɗaya ba, sai ya fizgo wani harshen ƙarfe ya haɗa hanya mai kauri daga batir kai tsaye zuwa fitila. Tsohon makunni ya huta da ɗaukar kaya, aikinsa ya koma ba da umarni kawai.

Ƙafafun rile suna da lambobi bisa ƙa'idar Jamus, kuma su ne karatun farko da maigidana ya ɗora ni a kai a Wad Madani lokacin ina yaron shago. Lamba 30 ita ce ke karɓar wuta daga batir, 87 ke kai ta ga fitila ko hon, 85 da 86 kuma su ne na naɗin maganaɗisu. Ba ya yarda yaro ya taɓa babur sai ya iya ɗaukar rile ido a rufe ya faɗi kowace ƙafa da laluben yatsa. Na tuna ranar da na haɗa waya ba tare da fiyus ba, ta goga a jikin firam ta yi hayaƙi. Bai yi mini faɗa ba, ƙonanniyar wayar ya miƙo mini ya ce in rataye ta a wuyana har a yi la'asar. Tun daga ranar, fiyus ɗin da nake sawa ba ya nisa da kan batir fiye da tsawon tafin hannu, domin duk wayar da ke gabanin fiyus ba ta da mai kare ta.

A babur ɗin Alhaji rile uku na sa. Biyu na fitila ne, ɗaya na dogon haske ɗaya na gajere, na ɓoye su cikin kwanon fitila. Na ja sabuwar waya mai kaurin milimita 1.5 daga batir ta fiyus mai amp 10 zuwa ƙafa 30 ta kowannensu. Honda ta sauƙaƙa wa mai rewaya aiki da launukanta: shuɗiyar waya ta dogon haske ce, fara ta gajere, koriya kuma ita ce wayar ƙasa, wadda ke mayar da wuta zuwa batir. Shuɗiyar da farar na zare su daga gindin kwai na kai su ƙafa 86 ta rile ɗinsu, na haɗa 85 da ƙasa, na fitar da sababbin wayoyi daga 87 zuwa kwai. Na kuma ja wayar ƙasa ta musamman har batir, saboda barin wuta ta koma ta wuyan babur, inda giris da tsatsa suka taru, mayar da hannun agogo baya ne.

Hon yana da tarko wanda ya kayar da masu gyara da yawa. A tsofaffin Honda, baƙar waya tana kai wa hon wuta da zarar an murɗa makulli, maɓallin da ke hannu kuma ƙasa yake haɗawa ta waya mai launin kore mai haske. Wanda ya ɗauka maɓallin wuta yake bayarwa, sai ya kai 85 ga firam, hon ya yi ta ihu ba tsayawa ko ya yi shiru gaba ɗaya. Daidai shi ne a cire wayoyin nan biyu daga jikin hon a sa baƙar a 86, ɗayar a 85, sannan a ba hon wuta daga 87 da wayar ƙasa tasa.

Ban yanke ko tsinke ɗaya daga cikin wayoyin kamfani ba. Komai da kan tusawa na haɗa shi, yadda idan jikan Alhaji ya so mayar da babur yadda ya fito daga Japan, zai iya yi cikin rabin sa'a.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan jabu. Ana kawo rile an buga masa amp 40 a baya, ka fasa shi ka tarar da harshen da bai kai kaurin farce ba, wanda zafin Afrilu kaɗai ya isa ya manne shi. Ana kawo waya mai sheƙin jan ƙarfe, ka kankare ta da wuƙa sai farin alminiyom ya fito. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse mu da kasuwannin Khartum da Omdurman, kaya suka koma zuwa ta Fot Sudan da kan iyaka, dillalai kuma suka sami damar cusa mana abin da suka ga dama. Wani ya taɓa aiko mini da kwali guda, na gwada goma, huɗu ne kawai suka yi ƙarar da ke nuna suna aiki. Shi ya sa na fi son tsohon rile na Bosch da na ciro daga mataccen lori a kan sabo mai ƙyalli, kuma kowanne sai na ɗora masa kwai ya yi sa'a guda yana ci kafin ya shiga babur ɗin mutum. Sannan a zo ana cewa wane a bakin kasuwa da rabin kuɗina yake yi. Gaskiya ne yana yi, da murɗa waya da haƙori da naɗe ta da salatif, kuma baburan nasa ne ke zuwa mini bayan ruwan farko.

Akwai aikin da nake ƙin karɓa. Wasu ƙananan babura masu volt 6, irin CG125 na farko-farko, fitilarsu daga naɗin magneto take shan wuta mai kai-da-komo, ba daga batir ba, kuma rile irin namu a kan wannan wuta kaɗawa kawai zai yi ta yi kamar ƙudan zuma. Tsofaffin baburan Ingila kuwa, BSA da Triumph masu kayan wutar Lucas, da yawansu kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da firam, don haka rile mai dayod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, sai an juya ƙafafunsa, in ba haka ba ya ƙone nan take.

Alhaji ya so in sa masa kwai H4 mai wat 60 da 55 tunda ga hanya ta buɗe. Na ce masa, "Baba, rile ba ya haifar da wuta, hanya kawai yake gyara mata." Cajin CB350 ba shi da yalwa, kuma babban kwai a tafiyar hankali cikin gari zai shanye batir ya bar shi da tura babur. Mun tsaya a kan wat 35. Da magariba ta yi muka fito da shi bayan shago, na tayar da inji na sake aunawa: tsakanin batir da kwai asarar ba ta kai rabin volt ba. Ya haska bangon makwabcina, ya danna hon sau biyu har mai shayin da ke tsallake ya ɗago kai, sannan ya zauna a benci muka fara cinikin kuɗin aiki.