Ƙaramar jita mai araha ko mai tsada: ina kuɗin yake shiga?

Mai neman ƙaramar jita, wadda ba ta lantarki ba, zai tarar farashinta ya kasu kusan gida uku. Akwai na ƙasa da dala 200, irin su Yamaha JR1. Akwai na tsakiya, daga wajen dala 400 zuwa 700, inda Taylor GS Mini da Little Martin LX1 da Yamaha CSF1M suke. Sai na manya, Martin 00-18 da 000-18 da Gibson L-00, waɗanda sai an haura dala 2,000 ake fara ciniki. Duk ƙanana ne, tsirkiya shida ce a kowacce. Ra'ayina shi ne tazarar da kunne zai ji sosai tana tsakanin gida na farko da na biyu. Daga na biyu zuwa na uku akwai bambanci, amma yana zuwa da ɗawainiyar da ba kowa zai iya ɗauka ba, musamman mai zama inda hunturu ke busawa.

A fara da awo, don kalmar "ƙarama" ta haɗa abubuwa biyu. Na farko faɗin jiki: a ma'aunin kamfanin Martin, lamba 0 tana da faɗin kusan santimita 34 a ƙugu, 00 kusan 36, 000 kuma 38, alhali babbar da aka saba gani tana kaiwa 40. Na biyu tsawon tsirkiya daga ƙashin kai zuwa ƙashin jaki, wato daga ƙashin da take hawa a ƙarshen wuya zuwa na kan katakon da ke riƙe ta a fuskar jita. A babbar jita milimita 645 ne, a 000-18 kuwa 632, a GS Mini 597, a LX1 584, a JR1 540. Gajeriyar tsirkiya ta fi laushi a yatsa kuma firet-firet, wato siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, sun fi kusa da juna, amma idan ta yi gajarta da yawa sai ta yi sako-sako, ka danna da ɗan ƙarfi sauti ya haura. Shi ya sa GS Mini take fitowa daga masana'anta da tsirkiya mai kauri, lamba 13 zuwa 56, maimakon 12 zuwa 53 da aka saba. Babba mai manyan yatsu ya guji duk abin da ya gaza milimita 580.

Mafi yawan sautin jita daga fuskarta yake fita, wato siririn katakon nan na gaba da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. A mai araha, filawud ne: yanka uku da aka manne da gam, aka gitta jijiyoyinsu. Yana da ƙarfi, amma ba ya karkarwa yadda ya kamata, don haka sautin yana mutuwa da wuri. A ta tsakiya fuskar gundarin katako ce, galibi sifurus ko mahogani, baya da gefe ne kawai filawud. A LX1 ma baya da gefen ba katako ba ne, wani abu ne dangin fomaika. A mai tsada ko'ina gundarin katako ne, ga fenti siriri, ga sandunan ciki da aka fere su daidai da fuskar. Ƙaramin jiki ba shi da iskar da zai ɓoye aibi, saboda haka fuskar kirki ta fi muhimmanci a nan fiye da a babbar jita.

Kada ka dogara da bakin mai shago. Kunna tocilar waya ka duba bakin ramin sauti. Idan layukan da ke kan fuskar sun gangaro sun ratsa kaurin katakon har ƙasa, gundari ne. Idan ka ga hawa-hawa, ko an shafe bakin da baƙin fenti, filawud ne. Takardar da ta ce "sifurus zaɓaɓɓe" ba tare da ta ce gundari ba, kusan kullum filawud take nufi.

Katakon baya da gefe kuwa mutane suna ba shi muhimmancin da ya wuce nasa. Sapele da ake gani a jitoci da yawa sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci, kuma abin da ake kira mahoganin Afirka ɗan uwan maɗacinmu ne. Dukansu suna aiki lafiya. Kada ka ƙara kuɗi mai yawa don sunan itace.

Sai maganar laima, wadda ita ce ke juya lissafin gaba ɗaya. Martin da Taylor duka suna ba da shawarar a ajiye jita inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a irin wannan yanayin ma ake haɗa ta. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, laimar rana a watan Janairu da Fabrairu takan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ta haura 70. Gundarin katako yana shan ruwa yana fitarwa, yana kumbura yana motsewa ta faɗi, amma sandunan da aka manne masa a ciki ba sa binsa. Idan ya bushe, abin yana zuwa daki-daki. Da farko bakin firet yana fitowa gefen wuya yana kartar hannu, domin katakon ya motse ƙarfen bai motse ba. Sannan fuskar ta lotsa, tsirkiya ta sauka ta fara zuzu a kan firet. Daga nan sai tsagewa, yawanci daga bayan jaki zuwa ƙasa ko a layin tsakiya inda aka haɗa ɓari biyu, kamar yadda faso ke raba diddige. Filawud ba ya yin haka da sauƙi saboda gittawar jijiyoyinsa. Ma'ana jitar dala 3,000 ta fi ta dala 150 saurin lalacewa a ɗaki ɗaya.

Maganin ba tsada gare shi ba, naci yake so. Akwati mai tauri wanda ke rufuwa ruf, ba jakar yadi ba. Ƙaramin ma'aunin laima a cikin akwatin. Gidan sabulu na roba mai murfi, a huda murfin da ƙusa mai zafi wuri goma ko fiye, a sa soso a ciki wanda aka jiƙa da ruwa mai tsabta aka matse har ya daina ɗiga, a ajiye ƙarƙashin kan jitar. Da hunturu a duba kowane kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa katakon. Da damina a cire soson, a sa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi idan ma'aunin ya wuce 60, in ba haka ba fuskar za ta kumbura, tsirkiya ta yi sama, sauti ya dushe. Kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana: tsirkiya shida suna jan kusan kilo 70, gam yana laushi da zafi, jaki ya fara ɗagowa daga baya. Wanda ya san jitarsa za ta kwana jingine da bango, ko za ta riƙa hawa babur, ya tsaya a gida na biyu.

An ce araha ba ta ado, amma a jita abin da ya fi damun mai araha rashin saiti ne, kuma saiti ana iya yin sa. Je shago da rular ƙarfe mai milimita. Ɗaure jitar daidai, ka auna daga saman firet na 12 zuwa ƙasan tsirkiya: mafi kauri ta tsaya tsakanin milimita 2 zuwa 2.5, mafi siranta 1.6 zuwa 2. Idan ta fi haka, duba farin ƙashin da ke kan jaki. Idan ya ɗago milimita 3 ko 4, akwai abin ragewa. Ƙa'idar ita ce ninki biyu: don sauke tsirkiya rabin milimita a firet na 12, sai an ci milimita 1 daga gindin ƙashin, a goga shi kan sanfefa da aka shimfiɗa a gilashi don gindin ya fito sumul. Amma idan tsirkiya tana sama, ƙashin kuma ya riga ya nutse, kusurwar wuyan ce ta kauce. Tabbatar da doguwar rula: kwantar da ita a kan firet-firet ka tura ta zuwa jaki. Ya kamata bakinta ya hau daidai saman katakon jakin. Idan bakin ya sauka milimita 2 ko fiye a ƙasan saman jakin ya tokare shi, ajiye jitar, ko nawa aka rage maka. A mai araha gyaran ya fi kuɗinta. A nan Taylor tana da fifiko, don wuyanta da noti aka ɗaure shi, ana kwancewa a gyara kusurwar. Na Martin masu tsada manne suke da gam, sai da tururi da hannun gwani, kuma gwanin ba a kowane gari yake ba.

Lanƙwasar wuya kuma haka ake duba ta: danna tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da na 14 lokaci guda, ka kalli ratar da ke firet na 7. Kaurin takardar kati ya isa, wajen milimita 0.2. Idan ta fi, ƙarfen cikin wuya ake ɗaurewa da alanki, kwatan zagaye ko ƙasa da haka, a bari ya kwana kafin a ƙara. Wannan ƙarfen ba na sauke tsirkiya ba ne, kuma da yawa sun karya shi suna neman hakan. In ya ƙi juyawa, kada a tilasta.

Sauran gwajin ba ya cin minti biyar. Kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan a firet na 12, ka duba da manhajar ɗaure jita ta waya ko sautin ya haura. Bi firet ɗaya bayan ɗaya ka saurari zuzu. Gwada zura takarda ƙarƙashin bayan jaki. Idan ta shige, gam ya fara saki. Ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa, in ka ji kar-kar, wata sanda ta ɓalle a ciki. Kunnuwan ɗaurewa masu santsi ba abin fasa ciniki ba ne, ana canza su, haka ma ƙashin roba ana musanya shi da na gaske. Kunnuwa da ƙashi da sabuwar tsirkiya su ne gyaran da ya fi biyan kuɗinsa.

To wa ya kamata ya sayi mai tsadar? Mai kaɗawa da yatsu wanda ke son kowace tsirkiya ta fita daban, da mai ɗaukar sauti a situdiyo, inda makirufo ke tona bambancin da hayaniyar fili ke binnewa. Idan kuma ta na'urar ɗaukar sauti za a jona ta da lasifika a wajen biki, rabin abin da aka biya ba zai isa kunnen kowa ba. Akwai hanya ta tsakiya ga mai son gundarin katako ko'ina: Yamaha CSF3M da ƙananan jitocin kamfanin Eastman, waɗanda ake yi a Sin, farashinsu bai kai rabin na Martin ba, amma kulawar laima iri ɗaya suke buƙata.

Ta hannu mai babban suna tana buƙatar ƙarin ido, don jabun Martin da Taylor suna yawo. A Martin, lambar siriyal da ta samfuri suna kan gungumen da wuya ya shiga a ciki, ana hango su ta ramin sauti, kuma kamfanin ya wallafa jerin lambobin kowace shekara. Zura ƙaramin madubi da tocila ka duba ƙasan fuskar: gam da ya zuba ko'ina da sanduna masu kaushi alama ce ta jabu, 'yan ƙananan faci a jere kuma suna nuna an taɓa ɗinke tsagewa. Tsagewar da aka ɗinke da kyau ba ta hana saye, dalili ce ta neman ragi. A lissafin kuɗinka ka ware na akwati da ma'aunin laima da saiti tun kafin ka zaɓi jitar, ko da hakan zai sa ka sauko samfuri ɗaya ƙasa.