Keken tsere da ɗan kuɗin da ke hannuna: sai a karo na biyu na dace

Keken tsere na farko da na saya wata uku kacal ya yi a hannuna na rabu da shi, da asara kuma. Laifina ne ba na kowa ba. Na hannu ne, na gan shi yana ƙyalli, ga Shimano 105, wani samfurin giya da masu keke ke yabo, an rubuta a jikin giyar, kuɗin da mai shi ya faɗa kuma bai kai yadda na zata ba, kawai sai kwaɗayi ya ɗebe ni, ko hawan kirki ban yi ba na biya. Ashe girman firam ɗin, wato gangar jikin keken, santimita 58 ne, ni kuma tsayina santimita 172, wanda zai yi min daidai 54 ne ko ma 52 a wasu kamfanonin. In na hau sai na miƙe kamar mai leƙa rijiya kafin yatsuna su kai birki, minti talatin wuya ya riƙe, ƙugu ya ɗau ciwo, tafin hannu ya mutu. Na sauke sirdi, na turo shi gaba, na canza ƙarfen da ke riƙe kan keken na sa gajere, duk a banza. Dattijon da ke min gyara kallona kawai ya yi ya ce, yaro giya ana canzawa amma firam ba a rage masa tsawo. Na ce haka ne baba.

Karo na biyu ga kuɗi sun ragu, dole na nutsu.

Abin da na fara cirewa a raina shi ne wannan zancen na sai 105. Giyoyin Shimano na keken tsere hawa-hawa ne, Claris mai faranti 8 a baya, wato farantan haƙora da sarƙa ke hawa, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 mai 11, sababbinsa ma 12, sama da su akwai Ultegra da Dura-Ace da ba sa'annin aljihuna ba ne. To duk yadda farantan suka ƙaru sarƙar tana ƙara siranta, kayan gyaran kuma suna ƙara tsada, wato ba ranar saye kaɗai za ka ji a jikinka ba. Ni da ba gasa zan shiga ba me zan yi da 11? Abin da ya fi min amfani shi ne yawan haƙora, 50/34 a gaba, 11-32 a baya, yadda in na zo hawan tudu ba sai na sauka na tura ba ana kallona.

Na kusa sake faɗawa a kan wani na kabon, wato wanda aka yi firam ɗinsa da zaren kabon mara nauyi maimakon ƙarfe. Wallahi da yatsa biyu za ka ɗaga shi, kuma araha sosai, arahar ce ma ta sa na tsargu. Akwai wata sitika a ƙasan sirdi da ba ta yi kama da sauran ba, na ce malam ko zan ɗan ɗaga wannan, ya yi shiru, ina ɗaga gefenta sai ga tsaga siririya kamar gashi. Matsalar kabon kenan, alminiyam in ya bugu yawanci za ka ga lotsawa, shi kuwa yana iya lalacewa ta ciki waje lafiya lau. Zancen nauyi ma gaskiya an cika zuzuta shi, ko a gasar ƙwararru dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ba ta yarda keke ya gaza kilo 6.8 ba, na alminiyam da na ƙare da shi bai wuce kilo 10 ba, ni kaina akwai kilo biyar a cikina da ya kamata su fara tafiya kafin na keke.

Wanda na saya ɗin mai giyar Sora ne, firam 54, birkin roba mai kama rim, tunda yanzu kowa birkin faifai yake bi sai irin waɗannan suka yi sauƙi a na hannu. Fentinsa duk ya kwarzane, ban damu ba. Na fi rabin awa a tsugune a gabansa. Na ja sarƙar daga jikin babban farantin gaba, ta ɗago har ina hango haƙori, ta gaji kenan, amma haƙoran baya ba su yi tsini ba. Na bi gefen rim da farce inda robar birki ke gogawa, in ya yi kwarmi to ƙafar ta kusa ƙarewa, wannan a shafe yake. Na juya ƙafafun ba sa rawa, na matse birkin gaba na jijjiga ko wuyan zai yi ƙas-ƙas, shiru. Na sa ya kwance sandar sirdi a gabana don wani lokacin takan kafe a ciki. Na kifa keken na duba lambar da ke ƙasan inda fedoji suke, ta yi daidai da ta rasit, don ba na son kayan sata. Sannan na hau, minti ashirin cur, har mai shi ya fara leƙen hanya.

Gajiyar sarƙar nan da ita na yi ciniki ya rage min. Da ma na ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ban taɓa ba, da su na sa sabuwar sarƙa, robar birki, hular kwano, da tayoyi masu faɗin milimita 28 maimakon 23 da ya zo da su, kuma a duk abin da na kashe tayoyin nan ne suka fi canza keken, gargadar hanya ta daina dukan hannuna.

Abu ɗaya ne na manta. Washegari da sassafe na shirya tsaf zan fita, na ɗauko tsohon famfona zan ƙara iska, sai ga bakin tiyub ɗin siriri ne, irin wanda ake kira Presta, famfon ya ƙi kama shi sam. Haka na koma ciki da hular kwano a kaina.