Na bayar da 'yar magen nan, amma ba a buhu ba

Masu tambayata ina 'yar farar magen da nake yawan sawa a status, toh ta koma gidan ƙanwar Ummanmu a Gwale. Lafiyarta ƙalau, har ta yi ƙiba. Dalili kuwa Kande ce, tsohuwar magenmu da ta haura shekara 10 a gidan nan, ta ce sam ba za ta zauna da ita ba.

Kande fa irin kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, yara su ja mata wutsiya sai dai ta tashi ta canja waje. Amma tunda aka shigo da 'yar ƙaramar nan ta zama wata halitta daban, huci, gurnani, ta sanƙarar da gashin bayanta, ita kuma yarinyar ba ta san ana yi ba wasa kawai take so, ta laɓe bayan randa ta yi tsalle ta dira a kan tsohuwa tana barci. Mutan gida suna ta dariya wai kishi ne irin na uwargida da amarya. Ni dai ban ga abin dariya ba, don mage dabba ce mai iyaka, gidan nan a wajenta ƙasarta ce, duk goga kumatun da kuke gani tana yi a jikin ƙofa da kujera da ƙafarku ƙamshinta take sawa tana cewa nan nawa ne. Kwatsam sai ga baƙon wari a ko'ina har a kwanon abincinta.

Mun bi duk yadda likitocin dabbobi ke cewa a yi. Aka ware ƙaramar a sito da kwanonta da ruwanta da robar yashin da take kashi da fitsari a ciki, ana goga tsumma a kumatun wannan a kai wa waccan ta shinshina, ana ba su abinci lokaci ɗaya ƙofa a tsakaninsu a rufe, daga baya aka riƙa buɗe ƙofar kaɗan. Ko robar yashi sai da muka ƙara, tunda ƙa'idar ita ce kowace mage da tata sannan a ƙara ɗaya. Wannan hanya tana aiki a gidaje da yawa wallahi, wasu magunan cikin makonni sun saba, wasu sai an yi watanni, shi ya sa duk wanda ya ga huci a ranar farko ya ce ba za su zauna ba na ce ya yi gaggawa.

Namu ne dai bai yi ba. Kande ta fara fitsari a kan katifa da labule, abin da ba ta taɓa yi ba, ta koma kwana saman katanga, ta lashe gashin cikinta har fata ta fito, sannan ta rage cin abinci sosai. Nan ne hankalina ya tashi, domin mage in ta ɗauki kwanaki ba ta ci ba, musamman mai jiki, kitse na iya taruwa a hantarta kuma yana kisa. Likita ya duba ta ya ce ba wata cuta ya gani ba, damuwa ce. Sai Umma ta ce, ke 'yar nan, wacce ta tsufa a gida ai ita ke da gida.

Abin da ya fi ɓata min rai shawarar da mutane suka dinga bayarwa ne. A sa ta a buhu a kai bakin kasuwa ko bayan mahauta a sake ta, ai mage rai tara gare ta. Haba jama'a. 'Yar magen da ta saba a zuba mata abinci a kwano ba ta iya farauta ba, ga karnuka ga muzurai ga yara da duwatsu ga mota. Kuma dukkanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba ba ta kuma bar ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya jefar da jaririyar mage inda ya san ba za ta rayu ba ni ban ga ya yi nisa da wannan ba.

Masu so sun fito da yawa, sai dai na yi ta tambaya kamar mai aurar da 'ya. Akwai wata mage a gidan? Maigidan ya yarda, ko gobe zai ce a fitar da ita? Akwai mai asma? Wani ya ce ɓeraye ne suka dame shi a shago, zai rufe ta a ciki da dare ta ci da kanta, na ce Allah ya ba da haƙuri Malam. Anti, wato ƙanwar Umman nan, ita ce ta dace, ba ta da wata dabba, ga tsakar gida, ga 'yan mata masu son wasa da ita.

Kafin ta tafi an ba ta maganin tsutsa an yi mata riga-kafi, har da ta ciwon haukan kare da ake yi daga wata 3. A kwali mai huji muka kai ta cikin adaidaita sahu, da tsumman da take kwana a kai da kwanonta. Na ce Anti dan Allah a bar ta a ɗaki ɗaya tukunna kar ta fita ta ɓata, kar a ba ta madara tana sa su zawo, ban da miya mai albasa da tafarnuwa, kuma ko ta yi rashin lafiya kar wanda ya ba ta farasitamol, guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Na kuma tuna mata mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma wata 2 ne da 'yan kwanaki, in ba a so gida ya cika a kai ta a yi mata aikin hana haihuwa. Anti ta ce wannan sai ta yi shawara da Alhaji, har yanzu dai muna kan maganar.