Saƙon godiya bayan an sallami ɗanmu daga asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallame mu, kuma daren jiya ne na farko cikin kwana 12 da yaron nan ya kwana a ɗakinsa babu roba a haƙarƙarinsa. Ku da kuka bi al'amarin tun daga ranar da ya durƙushe a ƙofar masallaci yana dafe da ƙirji kun san abin da ya biyo baya, kuma gajiyar da ke jikina ba za ta bar ni in maimaita ba.

Likita ya bayyana mana cewa huhu yana lulluɓe da tantani biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a bangon ƙirji, kuma wani ɗan bororo ne ya fashe a saman huhunsa na dama, iska ta shiga tsakanin tantanin nan ta danne huhun har ya motse. Ya ce hakan yakan sami samari dogaye sirara ko da ba su da wata cuta. Shi ya sa aka zura masa roba ta tsakanin haƙarƙari a ƙasan hammata, aka haɗa ta da kwalba mai ruwa, domin iskar ta fita ba ta koma ba.

Kwalbar nan ce ba zan manta da ita ba. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, mahaifiyarsa ta ga kwalbar a ƙasa kusa da ƙafafun masu wucewa, sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan gado don kada a yi tuntuɓe da ita. Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta hango daga nesa, ta taho da gudu ta sauke ta, domin idan kwalbar ta fi ƙirji tsawo ruwan yana iya komawa cikin ƙirjin mara lafiya. Da mahaifiyarsa ta gane abin da ya kusa faruwa, jikinta ya ɗauki rawa, ta fashe da kuka. Baiwar Allah nan ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta riƙe hannunta ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya shiga, laifinmu ne da ba mu yi miki bayani ba." Sannan ta zauna ta nuna mata yadda ruwan ke hawa da sauka tare da numfashinsa, ta ce ranar da kumfar nan ta daina fitowa idan ya yi tari, to hujin ya fara rufewa. Kwana shida muka yi muna kallon kumfar nan kafin ta tsaya. 'Yata, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki, Ya ba ki masu jin ƙanki ranar da kike bukata.

Na san maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ba zai so in ambace shi ba, amma shi ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma yini tare da mu. Haka kawun yaron da ya biya kuɗin hoton ƙirji, da jama'ar masallacinmu da ba su fasa addu'a ba bayan kowace salla. Allah Ya buɗa muku, Ya raba ku da kwanan asibiti.

Akwai 'yan'uwa na jini da muke gari ɗaya da su, waɗanda ba mu ga ƙeyarsu ba saboda sun ji ana cewa tarin fuka ne. An gwada majinarsa, ba shi ba ne, kuma ko da shi ne, cuta ce da ake warkewa da maganin wata shida, waya kuwa ba ta ɗaukar cuta. Na yafe, amma abin ya taɓa mahaifiyarsa ƙwarai.

Likita ya gargaɗe mu cewa ciwon yana iya dawowa, ya hana shi kusantar taba da shisha, ya kuma hana shi hawa jirgin sama sai an tabbatar huhun ya buɗe sarai. Nan da mako biyu za mu koma a sake ɗaukar hoto, muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a.