Zaman shago da karatun Jamb: abin da na koya

A da a Kano in yaro ya taso daga boko ya ci abinci sai shago, wani Kantin Kwari wajen kawunsa, wani Ƙofar Wambai wajen masu takalma, wani gareji. Ni gyaran waya na koya a Farm Centre tun ina SS1. Yanzu kuwa da yaro ya shiga SS2 sai ka ji an ce ya bar zuwa shago wai karatu ya yi nauyi, ga lesin bayan an tashi, ga WAEC ga NECO ga Jamb da tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, maki 400 ne, kuma mai son likitanci a BUK ko ABU ya san sai ya ci da yawa sosai sannan a kalle shi.

Wallahi ban ga laifin iyaye ba, kuɗin rajista ba kaɗan ba ne, kuma in yaro ya faɗi sai shekara ta zagayo. Amma abin da shago ya koya min babu lesin da zai koyar da shi. Ogana kullum yana ce mana in mutum ya ba ka wayarsa sirrinsa ya ba ka, kar ka buɗe abin da ba a sa ka ba. A nan na iya magana da kwastoma mai fushi, na iya lissafin uwar kuɗi da riba, na kuma san darajar lokaci, don da na san ƙarfe uku zan tafi kasuwa dole bayan sallar asuba nake zama in yi karatu da gaske, abokaina da aka bar musu yini sukutum kuwa rabinsa a waya yake ƙarewa.

Sai a 2022 na ƙara ganewa, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Masu sana'a a cikinmu kowa ya koma bakin aikinsa, sauran kuma zaman majalisa kawai, wasu ma har suka fara fidda rai da karatun. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na makaranta suka tashi, bashin karatu na gwamnati, wato NELFUND, yana taimakawa amma ai bashi ne.

Su ma iyayen gida a kasuwa suna da nasu laifin, akwai ogan da zai riƙe yaro har bayan isha'i alhali ya san gobe yana da jarrabawa, wannan ba daidai ba ne, irinsu ne ke sa iyaye su janye 'ya'yansu gaba ɗaya. Ƙanina yana SS3 yanzu, mun yi da ogansa Asabar da Lahadi kawai zai riƙa zuwa har a gama jarrabawa, daga nan ya koma kullum kafin admishan ya fito.